Ƙyauren da Ya Miƙe Ranar Talata

Ranar Laraba da sassafe matan da ke tsintar ƙaguwa suka tarar da gawar Sajan Remigio a kan duwatsun da ke gindin kagarar San Cayetano, tsohon ginin tsaro na soja, ta wajen teku. Yana kwance rub da ciki, ƙeyarsa a fashe, ƙafafunsa ba takalmi. Kafin a samo mayafin da za a rufe shi, duk garin Boca Vieja ya hallara, kuma kowa ya riga ya san wanda ya kashe shi, ko da yake babu wanda ya gani.

Ni ne magatakardan magajin gari a lokacin. Sunana Policarpo Ulloa, ana ce mini Don Poli. Remigio kuwa shi kaɗai ya rage a kagarar tun da gwamnati ta kwashe sojoji zuwa cikin ƙasa. Tsoho ne mai ido ɗaya da tari mai tsanani, aikinsa ya ɗaga tuta da safe, ya sauke ta idan ƙararrawar coci ta buga shida na yamma.

Wanda ake zargi wani Ba'amurke ne mai zane, Ephraim Latham, mu muna ce masa Don Efraín. Kwanansa goma sha ɗaya a garin, kullum yana zaune a kan 'yar kujera mai ƙafa uku yana zana kagarar da fensir. Ya ce sana'arsa ke nan, zanen duwatsu da teku. Amma shekara biyu kafin nan wasu 'yan kasada daga ƙasarsu sun sauka da jirgi da asuba suka buɗe mana wuta, muka binne mutum bakwai. Cikinsu har da Lino, saurayi ɗan shekara goma sha tara da aka ɗauka aikin tsaron kagara, ɗan Crisanto Amaya maƙeri, shi kaɗai ya haifa.

Crisanto ne ya fi kowa ɗaga murya a safiyar nan.

"Mai zane!" in ji shi. "Ganuwarmu yake aunawa yana ƙirga igwa, mu kuma muna ba shi kifi da ayaba. Tsohon ya kama shi, shi ya sa ya jefo shi. Ku kawo igiya!"

Aka jawo mutumin daga masaukinsa da rigar barci, leɓensa na jini. Magajin gari, Don Serapio Banegas, ya sha gabansu. Ba jarumi ba ne, amma ya san lissafi.

"Ku rataye Ba'amurke ba shari'a," ya ce, "wata ɗaya jirgin yaƙi zai tsaya a bakin nan ya mai da gidajenku toka. Ku ba ni zuwa ƙararrawar safiyar gobe. Nicanor zai duba ƙasa."

Nicanor Oseguera mai bin sawu ne. Alfadarin da ya ɓace, ɓarawon shanu, mai yankan katako da ya ɓata a daji, duk shi ake kira. Ya kusa sittin, bai iya karatu ba, magana ma sai ta zama dole. Shi ya riƙe Lino ranar baftisma, don haka shi da Crisanto kompadre suke kiran juna, kuma a wurinmu wannan ya fi 'yan'uwantakar ciki ɗaya nauyi.

"Duba, kompadre," in ji Crisanto, ya dafa kafaɗarsa. "Duba ka faɗa musu abin da kowa ya sani."

"Zo mu hau tare."

"Ni? Tun ranar da aka kashe ɗana ban taka cikin kagarar nan ba, kuma ba zan taka ba."

Aka kulle Ba'amurken a ɗakin ajiyar kaya na kwastan. Don Serapio ya ce in bi Nicanor in rubuta duk abin da ya gani.

*

Nicanor ya daɗe tsugune a kan gawar.

"Rubuta, Don Poli. Wanda ya faɗo ta fuska ba ya fashewa ta ƙeya. An buge shi tukuna, sannan ya faɗo."

Muka hau saman ganuwa. Ni da gwiwoyina sai da na huta sau biyu. A can sama ga sawun takalmin Ba'amurken nan ɓaro-ɓaro, mai ƙusoshi a dunduniya, ba mai irinsa a garin. Mutanen da suka biyo mu suka fara ihu suna nunawa.

"Ku ja baya, garken awaki," in ji Nicanor. Ya durƙusa ya nuna mini wasu 'yan ramuka ƙanana a cikin sawun. "Yaushe aka yi ruwa?"

"Litinin da la'asar."

"To ruwan ya sauka a kan sawun nan. Tsohon sawu ne."

Daga nan zuwa wurin da Remigio ya faɗo kuwa babu sawu ko ɗaya. An share wurin da ganyen kwakwa, shara mai kyau, har matakalar da ke sauka zuwa ƙofar ruwa, wata ƙaramar ƙofa da ke fuskantar teku. Ƙyaurenta na katako yana rataye a karkace da ƙarfe ɗaya na ƙasa, kamar yadda yake tun ranar farmaki. Mun saba ganinsa haka har ba ma ganinsa.

"Remigio bai taɓa shara ba a rayuwarsa," na ce.

"Wanda ya yi wannan ya san za a kira ni."

Ya tsince wani ɗan abu mai toka-toka daga tsagar dutse a bakin ƙofar, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya jefa aljihu. Na ɗauka harsashi ne. Ya fita kan duwatsu, inda yashi ya taru a wani lungu, ya nuna wani sawu daban.

"Takalmin Remigio ne. Ga shi yana tafiya, mai shi na kwance. Kuma ya yi wa ƙafar da ke ciki yawa."

*

Sawun ya kai mu bukkar Zoilo masunci, a ƙarshen gari. Kowa ya san Remigio ya taɓa zane shi da bulala saboda satar duwatsun ganuwa. Muka same shi yana ɗinkin koma, ƙafa ba takalmi, yana fito kamar wanda bai san an yi mutuwa ba.

"Ina takalmin, Zoilo?" in ji Nicanor.

"Wane takalmi, Don Nicanor? Ni da takalmi? Ko ranar aurena ma aro na yi."

"Me ya sale maka dunduniya?"

Zoilo ya kalli ƙafarsa. Ya kalli littafin da ke hannuna. Sai ga shi a ƙasa yana rantsuwa da Budurwa Maryamu da kabarin uwarsa. Ya jawo takalmin daga ƙarƙashin koma.

"Matacce na same shi, na rantse! Gari bai gama wayewa ba na zo wucewa da kwalekwale. Ya sandare kamar itace, sai da na yi kokawa da ƙafar. Na ce shi dai ba inda zai je da su."

"Ɗan banza," na ce. "Gawar mutum!"

"Don Poli, ya zane ni bulala ashirin saboda dutse huɗu. Takalmin nan bai biya ba."

"Ina kake jiya da yamma?" in ji Nicanor.

"A bakin kogi, mu shida muna jan koma har duhu. Ku tambaye su. Da muka juyo ma na ga tutar nan tana sama, ƙararrawar shida ta daɗe da bugawa. Na ce wa mutane yau Sajan ya sha ta yi masa karo."

Nicanor ya juyo ya dube ni. Shekara goma sha huɗu Remigio bai taɓa barin tuta ta kwana a sama ba, ko yana buge ko yana zazzaɓi.

"Rubuta," ya ce. "Kafin shida ya mutu."

Mutum biyar suka ba Zoilo shaida. Ɓarawo ne, amma ba shi ya yi kisa ba.

*

Ɗakin kwastan yana warin fatu da jiƙaƙƙen gishiri. Ba'amurken na zaune kan buhu. A waje mata na jifan ƙofa da ɓawon kwakwa. Yarenmu a bakinsa kamar mai tauna tsakuwa, amma ana ganewa.

"An ce kun yi faɗa da Sajan," in ji Nicanor.

"Ba faɗa ba. Litinin na hau sama, ya yi ihu, ya ce sauka. Shi kullum ihu. Bayan nan ya ba ni taba." Ya shafa leɓensa da ya fashe. "Ya ce gobe kada ka zo kusa. Gobe ina da baƙo."

"Wane baƙo?"

"Bai faɗa ba."

"To jiya ina ka tafi?"

"Can tsallake, kan yashi, wurin da ƙasa ta shiga teku. Daga can kagara duka tana fitowa. Na zana har rana ta kusa faɗuwa. Na dawo da ƙafa, cikin duhu."

"Wa ya gan ka?"

"Tsuntsaye." Ya yi ƙoƙarin murmushi, bai yiwu ba. "Señor, ina da mata da 'ya'ya biyu. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba. Waɗanda suka zo muku, ni ma ina jin kunyarsu."

"Kunyarka ba za ta ta da kowa ba," in ji Nicanor. "Ina zanen?"

Zanen yana wurin mai masaukinsa, Donya Eduviges, gwauruwa mai gasa burodi. Da taron safe ya shiga gidanta neman takardun don a ƙone, ta riga ta tura su cikin tanderun da ba ta hura ba, ta jera itace a baki.

"Ba don ina son sa ba," ta ce tana karkaɗe toka. "Mutumin da ke cin burodina yana cewa ya yi daɗi alhali ya ƙone, ba zai iya kashe ko kaza ba. Na faɗa musu da duhu ya shigo, yashi har gwiwa. Suka ce baƙona ne, dole in kare shi. Har Crisanto ya ce mini karuwar Amurkawa, ni da na yi wa ɗansa wankan gawa."

Takarda goma sha tara, duk kagarar ce, daga kowace kusurwa. Ban taɓa sanin gininmu yana da kyau ba sai ranar. A gindin kowace takarda ya rubuta wani abu da harshensu, ban iya karantawa ba, amma lambobi ai ɗaya ne. Biyu daga ciki daga tsallake aka zana su. Ɗaya ranar goma sha biyu ga wata, Lahadi ke nan. Ɗayar ranar goma sha huɗu, Talata, da lamba biyar a gefe, wato ƙarfe biyar.

"Kowa na iya rubuta biyar," na ce.

"Haka ne," in ji Nicanor. "Ɗauko agogonka. Zoilo zai kai mu, ladan takalmi."

*

A kwalekwale tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Da ƙafa sai ka zagaye fadama, awa biyu cur. Nicanor ya sa muka tsaya a bakin ruwa, ya shiga shi kaɗai yana tafe a sunkuye. Can ya ɗaga hannu.

Ramuka uku na ƙafar kujera a cikin yashi. Fiƙe-fiƙen fensir, ɓawon lemo da bai gama bushewa ba, da sawun takalmi mai ƙusoshi wanda ruwa bai taɓa ba, ya nufi hanyar fadama.

Muka zauna a wurin muna jira, sauro na cin mu. Nicanor ya ɗora zanen Talata a gwiwa, yana kallon takarda yana kallon kagara. Inuwar 'yar hasumiyar tsaro tana jan ciki a jikin ganuwa, sannu sannu, har bakinta ya taɓa tagar igwa ta uku, daidai inda fensir ya ajiye ta.

"Ƙarfe nawa?"

"Biyar da minti huɗu."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Mutumin da ke nan ƙarfe biyar ba zai kai kagara da ƙafa kafin shida ba, sai in yana da fiffike. Na fara faɗin haka, sai na ga fuskar Nicanor. Ya jera takardun biyu gefe da gefe, tabar da yake taunawa ta tsaya masa a kunci.

"Don Poli, idonka ya fi nawa. Dubi ƙofar ruwa a zanen Lahadi."

Ɗan ƙaramin abu ne, bai kai farcen ɗan yatsa ba. "Ƙyauren a karkace, yadda muka san shi."

"Na Talata fa?"

Na duba. Na sake dubawa. Ƙyauren yana tsaye cak, a rufe, daidai cikin dutsensa. Kuma daga bayan ganuwa, saitin ƙofar, fensir ya ja wani siririn layi mai lanƙwasa zuwa sama. Hayaƙi.

Na ɗaga kai na hangi kagarar. Ƙyauren na rataye a karkace.

"Ƙaryar masu zane ce," in ji Zoilo, yana leƙe ta bayanmu. "Gyara abu suke yi don ya yi kyau. Wanda ya zana matar Don Serapio ai har haƙora ya ƙara mata."

"Mutumin da ya zana kashin tsuntsaye a jikin bango, ya zana tsohon wandon Remigio a kan igiya, shi ne zai gyara ƙyaure?" Nicanor ya zaro abin nan na aljihunsa ya ɗora a tafina. Ba harsashi ba ne. Ɗigon dalma ne da aka narkar, ya faɗi ya daskare, gefensa na ƙyalli. "Jiya wani ya gyara ƙofar nan. Jiyan dai kuma ya ɓalle gyaransa."

Muka juyo gari. Da muka sauka Nicanor ya ja Zoilo gefe ya ce da wayewar gari ya yi nutso a gaban ƙofar ruwa, iya nisan da mai ƙarfi zai iya jifa, ya lalubo duk wani ƙarfe.

Hanyar gidan Nicanor ta gaban maƙerar Crisanto take. Muna jin guduma tun daga nesa. Ya tsaya a bakin hanya. Donya Leocadia, matar Crisanto, tana zaune a ƙofa cikin baƙaƙen kayan da ba ta cire ba shekara biyu.

"Kompadre, shigo ka sha kofi mana."

"Ba yau ba, komadre."

Ya daɗe a tsaye kafin ya wuce.

*

Ranar Alhamis da ƙararrawar safe ta buga, Don Serapio ya tara mutane a kan duwatsun gaban ƙofar ruwa. Nicanor ne ya zaɓi wurin, don ana isa ta waje, ba wanda zai ce ba ya shiga kagara. Aka kawo Ba'amurken a ɗaure. Ga Donya Eduviges, ga Zoilo jiƙe sharkaf da buhu a hannu. Crisanto na gaba da igiya a kafaɗa, matarsa a bayansa.

Nicanor bai iya jawabi ba. Ya faɗi maganar sawun da ruwa ya doka, da tutar da ta kwana a sama, da inuwar ƙarfe biyar. Na karanta abin da na rubuta. Mutane suka fara gunaguni.

"Takardar shi mai laifin ce za ta wanke shi?" in ji Crisanto. "Haba kompadre, tsufa ya kama ka."

"Ya kama ni." Nicanor ya miƙa wa Don Serapio zanen biyu, ya nuna masa ƙyauren da yatsa. Takardun suka bi hannu hannu. Sannan ya je jikin ƙofar, ya sa wuƙa a ramin dutse inda ƙarfen sama ya kamata ya zauna, ya ƙwaƙule laka da aka cusa. Ƙarƙashinta dalma ce sabuwa fil, tana walƙiya, da sawun kurfin maƙera inda aka fizge ƙarfe.

"Remigio ya ce wa baƙon nan ranar Talata yana da baƙo. Baƙon ya zo ta nan, ta kan duwatsu, da kaskon wuta. Ya narka dalma, ya kafa sabon ƙarfe, ya ta da ƙyauren. Daga baya suka hau sama. Da abin da ya faru ya faru, ya tuna duk wanda ya ga ƙyauren a tsaye zai tambayi wa ya gyara. Sai ya ɓalle ƙarfen ya jefa teku, ya share sawunsa. Bai san akwai wani a tsallake da fensir ba. Zoilo."

Zoilo ya zazzage buhun. Ƙarfen rataye ƙyaure ne, baƙi wuluk, ko ɗigon tsatsa babu. A jikinsa an buga 'yar alamar gicciye da ɗigo biyu. Babu gida a Boca Vieja da ba shi da adda ko fartanya mai wannan alamar.

Alamar maƙerar Crisanto ce, kowa ya juya yana kallonsa.

"Na sayar da irinsa ɗari," in ji Crisanto.

"Ka sayar. Amma wa ya iya zuba dalma a dutse haka, ba kumfa ba tsaga? Nuna musu hannunka na hagu, kompadre. Jiya da ka dafa ni na ga ƙunar. Ba ta wutar maƙera ba ce, ɗigo ce."

Crisanto bai nuna ba. Ya sauke igiyar daga kafaɗa a hankali, ya ajiye a kan dutse, ya zauna kusa da ita.

"Crisanto," in ji matarsa. "Ka ce mini gona ka tafi."

Bai dube ta ba. "Sau uku Remigio yana aiko mini. Wai in taimaka masa da ƙofar, ba ya son ya mutu ya bar ta haka. Na ce to, ta waje zan bi, ba wanda zai gan ni. Da na gama ya ce in hau mu sha barasa. Muka sha. Sai ya fara kuka." Ya goge baki da bayan hannu. "Ya ce tarin nan ba zai bar shi ya ga Kirsimeti ba, kuma ba ya iya barci. Ya ce ranar farmaki, da igwar jirgi ta fara dukan ganuwa, Lino ya yar da bindiga ya fita ta ƙofar tudu, ta wajen gari, da gudu. Ya kira shi sau biyu, bai tsaya ba. Sai ya ɗaga bindiga." Ya sunkuyar da kai. "Ba Amurkawa ba ne suka kashe ɗana. Shi ne. Ta baya. Shekara biyu ina gaishe shi a kasuwa. Wai in yafe masa. Gudumar tana hannuna."

Donya Leocadia ba ta yi kuka ba. Ta dafa dutse kawai.

"Shi kuma wannan fa?" in ji Don Serapio, ya nuna Ba'amurken. "Da ka bari an rataye shi?"

"Ba bari kawai ba, ni zan ja igiyar. Ba don su ba, me zai sa a ba ɗana bindiga?" Sai ya ɗaga kai ya dubi Nicanor, ya daɗe yana dubansa. "Kai ka fara isa wurin gawar Lino a ranar. Kai da ba abin da ƙasa ke ɓoye maka. Ka san daga ina harsashin ya fito?"

Na so Nicanor ya yi ƙarya. Ina jin rabin mutanen wurin haka suka so.

"Na sani."

"Tun ranar?"

"Tun ranar. Na ga an binne shi da tuta, fada, limamin coci, ya kira shi jarumi. Na ce in bar muku wannan."

Crisanto ya miƙe ya miƙa wa Don Serapio hannuwansa biyu. Da suka zo wucewa ta gaban Nicanor ya tofar da yawu a ƙasa.

"Kada ka sake ce mini kompadre."

*

Aka kwance Ba'amurken. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Ranar Asabar ya shiga jirgin masu katako ya tafi, wasu matasa na jifansa da hanjin kifi har bakin ruwa. Zanen biyu suka bi Crisanto zuwa kotu a cikin ƙasa. Aka yanke masa shekara goma sha biyu na fasa dutse a hanyar gwamnati, bai kai uku ba zazzaɓi ya kashe shi. Remigio kuwa mu huɗu muka raka shi kabari, har da fada.

Mako guda bayan tafiya da Crisanto, ina zaune da Nicanor a ƙofar gidansa sai ga Donya Leocadia. Ba ta gaishe mu ba.

"Tashi ka nuna mini inda ya faɗi."

Muka tafi mu uku. Daga ƙofar tudu hanya ta gangara kaɗan ta rabu biyu, ta hagu ta shiga daji, ta dama ta nufi gari. Nicanor ya tsaya a mararrabar, ya bi ta dama ya ƙirga taku goma sha biyu, ya tsaya kusa da wata bishiyar gwaiba. Ciyawa ta rufe wurin.

"Nan."

Ta dubi ƙasa, ta waiga ta dubi mararrabar.

"Ba daji ya nufa ba."

"A'a, komadre. Igwar jirgi ta fara faɗawa unguwarku a lokacin. Ban san abin da ke ransa ba, ƙasa ba ta nuna wannan. Amma gida ya dosa."

Ta tsuguna ta tuge ciyawar wurin da hannu, tsinke tsinke, har ƙasa ta fito. Sannan ta miƙe ta karkaɗe zanenta.

"Da ka faɗa mana tun a lokacin," ta ce, "da mun yi kukanmu mun gama, da yau ina da miji."

Ta kama hanyar gari ita kaɗai. Na yunƙura zan raka ta, Nicanor ya riƙe hannuna, muka tsaya a wurin har ta sha kwana.